Dabo Shofer da Motarsa Marar Ƙafa

Dabo bai taɓa yin ƙarya a kan aikinsa ba. Haka yake faɗa har yau, kuma in aka bi maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, da gaskiyarsa. Abin da ya yi kawai shi ne ya tsinto ƙananan gaskiya ya jera su, yadda duk wanda ya hango su daga nesa zai ga babbar mota.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Matamai, a ƙasar Damagaram. Ya shigo Tamanrasat, can ƙetaren hamada ta arewa, a tsakiyar shekarun casa'in, zaune bisa kayan kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, kamar yadda kowa ke shigowa. Ya ɗauki bulo wurin magina har kafaɗarsa ta yi kanta, ya yi ban ruwa a lambunan Utul, sannan wani Balarabe mai gidan wanki, Si Mulud, ya ɗauke shi shara. Ba irin wanki da gugar bakin titi ba ne. Zannuwan gadon otal-otal ake kawowa cikin mota, da labule, da kayan ma'aikatan kamfanoni. Injinan wankin da na gugar duka da tururi suke aiki, tururin kuwa daga wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe yake fitowa, wadda ke kwance a ɗakinta ita kaɗai kamar tankar mai da aka cire wa ƙafafu. Shodiyar ake ce mata. Tsohon da ke kula da ita ido ya fara gaza masa, Dabo ya riƙa ajiye tsintsiya yana tsayawa bayansa. Da tsohon ya koma garinsu, aka bar wa Dabo ɗakin.

Ranar da aka ba shi makullin, Si Mulud ya dafa kafaɗarsa ya ce masa da Faransanci, daga yau shi ne shofer na shodiyar. A wancan harshe, mai hura wa tukunya wuta da mai tuƙa mota suna ɗaya suke ci. Dabo ya san da haka sarai. Amma da ya koma unguwar Tahaggart da la'asar, ya tarar da ƴan garinsu sun zagaye butar shayi, sai ya zauna, ya karɓi kofinsa, ya ce, “An ɗauke ni shofer.” Ya kurɓi shayin a hankali kafin ya ƙara, “Na shodiyar.”

A cikin masu shan shayin akwai Tahiru, ɗan kawunsa, wato taubashinsa, wanda al'ada ta ba shi izinin ya tsokane shi har kabari. Tahiru shi shofer ne na gaske, mai jigilar dabino da taliya zuwa Agadas da Damagaram. Ya ɗauki maganar ya sa a aljihu. Kafin ya sauke ta a ƙauye, ya yanke mata wutsiya.

Zuwan Dabo gida na farko bayan haka, tun daga bakin kasuwa ake ce masa Dabo Shofer. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya, wurin da dā yake wucewa da takalmi a hannu.

“Babba ce?” in ji wani dattijo.

“Babba ce ƙwarai.”

“Tana shan mai?”

“Mazut take sha, baba. Ba ta ƙoshi.”

“Ba ta ba ka wuya?”

“In ta yi zafi sai lallashi. Ka yi sakaci da ruwanta, ka kashe kanka, ka kashe mutane.”

Wani ya tambayi abin murɗawar, ko yana gajiyar da hannu. Dabo ya buɗe tafinsa ya nuna musu kanta, ya ce ja ne, hannu biyu yake sa masa. Duk gaskiya ne. Babban famfon tururin shodiyar, da wani zagayayyen ƙarfe ja ake buɗe shi.

Me ya hana shi ƙara kalma ɗaya ya huta? Masu saurin hukunci za su ce tabarmar ce da gaisuwar dattawa. Ba su ba ne. Matarsa ce, Ma'u. Ta aure shi ba shi da komai, ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma wannan haƙurin nata ne ya daɗe yana ci masa rai, don kallon da take masa irin wanda ake yi wa akuya marar lafiya ne, wadda ake fatan za ta tashi. A wannan zuwan kuwa kallon ya sake. Ta kawo masa ruwa, idonta bai bar fuskarsa ba. Ya tashi zuwa masallaci, ta bi shi da ido har zaure. Ranar komawarsa ta tsaya a bakin darni har ya ɓace. Dabo ya fassara wannan da alfahari, ya ɗauke shi ya tsallaka hamada da shi, yana jin ɗuminsa a ƙirji. Abin da yake tsoro a duniya bai wuce ranar da kallon nan zai mutu ba.

Ranar ta zo cikin sanyin shekarar 2001. Turawa masu hawan duwatsu sun cika otal-otal, zannuwa sun taru a gidan wankin har sun toshe taga, ita kuwa shodiyar tana kashe. Ruwan rijiyoyin ƙasar nan yana barin wani farin ɓawo a jikin ƙarfe, irin wanda ake gani a gindin butar shayi, saboda haka duk shekara sai an kashe ta, ta huce, a zubar da ruwanta, a kankare cikinta. An gama wannan, an rufe ta. Saura a cika ta a kunna, Si Mulud kuwa sai leƙowa yake daga buro, wato ofishinsa.

Cika shodiyar ba aikin gaggawa ba ne, kuma shi ne aikin da Dabo ya fi so. Da hantsi ya durƙusa ya tabbatar famfon ƙasa, na zubar da ruwa, a rufe yake gam. Ya leƙa tankin da siterna, motar dakon ruwa, ta cika daga Utul. Ya ƙara gishiri a tulun ƙarfen da ruwan ke ratsawa don ya yi laushi kafin ya shiga cikinta. Sannan ya hau tsani ya buɗe ɗan famfon da ke ƙololuwarta, don iskar da ke ciki ta sami hanyar fita. Yana saman tsanin ne ya ji muryar Tahiru daga ƙofa.

“Shofer, sauko. Na kawo maka fasinja.”

Dabo ya waiwaya. A bayan Tahiru akwai mace tsaye, lulluɓe da gyale mai ƙurar hanya, ƙullin kaya a kanta. Ko cikin taron Idi zai gane wannan tsayuwar.

Ya sauko, ƙafarsa na laluben matakan da ya sani kamar tafin hannunsa. Suka gaisa gaisuwar da ta kamata, ta mutanen da ke gaban baƙo. Yara lafiya, suna wurin kakarsu. Inna tana gaishe shi. Tare da matar Tahiru suka zo, ita an sauke ta gida, ɗakin Dabo kuwa sun tarar da shi a kulle. Duk wannan Ma'u ta faɗa idonta na yawo a ɗakin: bututu, tsani, buhunan gishiri, ƙatuwar tukunya.

“Ina motar?” ta ce.

Tahiru ya jingina da bango, ya harɗe hannuwa kamar wanda ya sami wuri mai kyau a filin kokowa. “Ga ta nan gabanki, matarmu. Sabuwa fil, ko taya ba a sa mata ba tukuna.”

Si Mulud ya leƙo a daidai lokacin. “Ya shofer, yaushe?” Da ya ga mace ya dafa ƙirji ya ce mata marhaba, ya koma, amma ya bar ƙofar buron a buɗe.

Dabo ya ga ba shi da wurin gudu sai aikinsa. Famfon shigar ruwa yana bayan shodiyar, siririn gilashin da ke nuna inda ruwa ya kai kuwa yana goshinta. Kullum shi kaɗai yake kai da kawo tsakaninsu. Yau ya ga amfanin nisan.

“Tahiru, tsaya nan ka duba mini gilashin.”

“Ni? Ni fa shofer ne na ƙarya, ban iya manyan motoci ba.”

Ma'u ta sauke ƙullinta. “Mi ake dubawa?”

Dabo ya nuna mata ba tare da ya dubi fuskarta ba. “Ruwa zai bayyana daga ƙasa. Kin ga wannan jan zanen? In ya rage kamar faɗin yatsa biyu ya kai shi, ki ce mini in tsaya.”

“Ba a cika ta?”

“In ya ji wuta kumbura yake. Sai an bar masa wuri.”

“To,” ta ce.

Ya zagaya baya. Ya kunna injin turo ruwa, ya buɗe famfon kaɗan, don ba a afka wa ƙarfe da ruwa gaba ɗaya. Aka ji ruwan ya faɗa cikin tukunyar da ƙara irin ta guga a rijiya mai zurfi, can sama kuma iska ta fara fita da ɗan fito. Dabo ya ɗora tafinsa a jikin ƙarfen. Tsakaninsa da matarsa akwai tukunya guda, ya gode wa Allah da girmanta.

Muryarta ta zagayo ta same shi. “Malam.”

“Na'am.”

“Ba ta da ƙafa ke nan.”

“Ba ta da.”

“Ba ta zuwa Agadas.”

“Ba ta zuwa.”

“Arlit fa?”

“Ma'u, ko bakin ƙofar nan ba ta zuwa. Da ƙusoshi aka kafe ta a ƙasa.”

“Tun yaushe?”

“Tun farko.”

Sai injin, sai fiton iska. Dabo ya jira. Ya riga ya tsara abin da zai ce, cewa shi bai taɓa faɗin kalmar mota da bakinsa ba, amma da ya juya maganar a ransa sai ya ji ta yi masa ƙanƙanta. Daga nan ya ji wani sauti daga gaban shodiyar, kamar na mai shaƙuwa. Ya ce a ransa shi ke nan, kuka take. Ya leƙo.

Tana zaune bisa buhun gishiri, ta toshe baki da gefen gyale, kafaɗunta na rawa. Hawaye ne a fuskarta, amma dariya take, irin wadda ke hana mutum numfashi.

“Kullum nan kake?” ta ce da ta samu iska. “Cikin ɗakin nan? Da rufi a kanka?”

“Kullum.”

“Da damina da rani?”

“Ai nan ba damina.”

“Kada ka gyara mini magana yau.” Ta share ido. “Ka san waina nawa na soya saboda kai? Duk Juma'a sadaka, Allah ya tsare hanya. Almajiran Malam Sha'ibu har ƙiba suka yi. Bara da aka ce kamiyo ya ɓata bayan Asamaka, an sami mutane sun bushe, da ƙafa na tafi tashar Matamai ina tambayar suna. Ban gaya wa inna ba. In na ji ƙarar mota ta tsaya a bakin gari, sai in ce ga masu kawo labari nan.”

Dabo ya tsaya da hannuwa a sake. “Ni na ɗauka...”

“Ka ɗauka mi?”

“Yadda kike kallona. Ran da zan taho. Na ɗauka daɗi kike ji.”

“Kallonka nake in riƙe fuskar, ko ba za ta dawo ba.”

Shekarun da ya yi yana ɗumama ƙirjinsa da wannan kallo, ashe da tsoron matarsa yake jin ɗumi. Ita kuwa ta juya kan Tahiru.

“Kai kuma, baƙin mugu. Sau nawa na tare ka ina tambayarka hanyar da yake bi?”

“Ni mi na ce miki? Na ce inda yake bi ba rami, ba ɗan dowan mai binciken kaya, ba jandarma. Ƙarya na yi?”

“Jininku ɗaya wallahi.”

Tahiru ya yi dariya, amma ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin motarsa. Duk wanda ya san shi zai ce don ya ga Dabo ya ji kunya ya ɗauko ta. Akwai wannan. Sai dai akwai wani abin: shi ne mai isa ƙauyen, shi take tarewa a bakin rijiya da idanun nan, kuma wasan da ya fara da dariya ya daɗe da zame masa kaya. Bai iya warware shi da baki ba, don taubashi ba ya ba da haƙuri. Sai ya ɗauko ta ya kawo ta ta gani da idonta.

Shi ne kuma ya ɗaga kai ya ce, “Shofer, fasinjarka ta bar aikinta.”

Ruwa ya haye jan zanen, yana neman ƙarshen gilashin. Dabo ya ruga baya ya kashe injin, ya rufe famfon.

“Na ɓata?” in ji Ma'u.

“Ba ki ɓata ba. Ragewa za a yi.”

A Tamanrasat ba a zubar da ruwa a ƙasa. Kafin Dabo ya nemi bokiti, Tahiru ya fita ya dawo da jarka biyu, waɗanda da ma suna ajiye a bakin ƙofa.

“Ka gani?” Dabo ya ce wa matarsa. “Duk zuwan da yake yi nan, ba zumunci ba ne. Ruwana mai laushi yake roƙo ya zuba wa motarsa, don na gari yana toshe mata ciki.”

“Ƙaramar mota ai dole ta sha a hannun babba,” in ji Tahiru, ya tara jarkar.

Dabo ya buɗe famfon ƙasa kaɗan. Wannan karon Ma'u ta kafa wa gilashin ido, ta ɗora yatsu biyu a ƙarƙashin zanen. Ruwan ya sauko a hankali.

“Tsaya.”

Ya rufe. Ya zo ya duba, daidai. Ya murɗa ɗan famfon da ke gindin gilashin, ruwan ciki ya zube, ya rufe, ruwan ya sake tasowa ya tsaya inda yake, alamar gilashin ba ƙarya yake yi ba. Ya zagaya tukunyar yana shafa bakin murfinta da mahaɗan bututu, ko akwai inda ke tsatsafo. Ko'ina a bushe. Ya yi bisimilla ya kunna murhun mazut, ƙaramar wuta tukuna. Shodiyar ta yi wani gurnani daga can cikinta. Ma'u ta ja da baya, sannan ta matso.

Suka zauna jira, don ruwa mai yawa ba ya zafi da wuri. Tahiru ya kai jarkunansa mota, ya daɗe bai dawo ba, da gangan. Ɗakin ya fara ɗumi. Ma'u ta miƙa tafukanta wajen ƙarfen kamar mai jin wuta.

“Zan gaya musu,” in ji Dabo. “In na je gida, a gindin tsamiyar zan faɗa.”

“Ka gaya wa wa?”

“Mutane.”

“Wa ya aike ka?” Ta gyara zaman gyalenta. “Balaraben nan da ya leƙo, mi ya kira ka?”

“Shofer.”

“To. Ni da kunnena na ji.”

Dabo ya dube ta. Ta kawar da kai tana kallon bututu, bakinta na son yin murmushi tana hana shi. Ashe ba tsoro kaɗai ta ci a cikin sunan ba. A gidan biki ana ba matar shofer kujera, a bakin rijiya ana matsa mata, kuma Ma'u, da duk haƙurinta, ba ta shirya mayar da kujerar ba. Fargabar ce kawai take so a sauke mata, an kuwa sauke. A karo na farko tun aurensu Dabo ya ga suna da abin ɓoyo guda su biyu, ya ji abin ya fi masa alfaharin da ya yi zaton ya rasa.

Can sama fiton iska ya sake murya, farin tururi ya fara fita. Dabo ya hau tsani ya rufe ɗan famfon. Da allurar agogon tukunyar ta hau inda ake so, ya kama jan ƙarfen nan da hannu biyu ya murɗa a hankali. Bututu suka ɗau ƙara, a ɗakin wanki injina suka tashi, aka ji Si Mulud yana tafa hannu yana kiran ma'aikata.

Ma'u ta kwance bakin zanenta ta ciro wata ƴar laya ɗinkakkiya da jar fata.

“Ta hanya ce,” ta ce. “Malam Sha'ibu ya ce a rataye ta kusa da sitiyari.”

Ta duba ɗakin, ta je ta ɗaura ta a wani ƙarfe dab da jan abin murɗawar, inda zafi ba zai ci fatar ba. Tahiru, da ya dawo yana tsaye a ƙofa, ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen Agadas.

Ma'u ba ta koma tare da kamiyon ba. Daga baya aka kawo yaran. Ta kafa tanda a ƙofar gidansu a Tahaggart, masu zuwa aikin gini suna tsayawa da safe su sayi waina wurin matar shofer. Duk shekara in an wanke shodiyar za a cika ta, takan rufe tandar ta zo ta tsaya gaban gilashin da yatsunta biyu, ba ta yarda kowa ya karɓe ta. Layar tana nan inda ta ɗaure ta, fatar ta yi baƙi da hayaƙin mazut. In sabon ma'aikaci ya tambayi Dabo ta mece ce, yakan ce ta hanya ce, kuma tun da aka rataye ta motar ba ta taɓa faɗuwa ba.